Bayan Ƙasa Ta Daina Girgiza: Yadda Zuciyar Ɗan Adam Ke Farfaɗowa Daga Musiba

Ranar Talata, 17 ga watan Janairu, 1995, da ƙarfe 5:46 na asuba, ƙasa ta girgiza a birnin Kobe da kewayensa, a ƙasar Jafan. Girgizar ba ta wuce daƙiƙa ashirin ba, amma kafin gari ya waye gidaje fiye da 100,000 sun rushe, babbar gadar mota ta Hanshin ta kife gefe guda, wuta kuma ta kama a tsofaffin unguwanni inda gidajen katako suke a cunkushe. Mutum 6,434 aka ƙidaya sun mutu, fiye da rabinsu tsofaffi ne da suka haura shekara sittin. Sa'an nan mutane fiye da 300,000 suka koma kwana a makarantu da ɗakunan wasanni da ofisoshin gwamnati, cikin tsananin sanyin hunturu.

Akwai abin lura a cikin adadin mamatan. Kimanin mutum 900 daga ciki sun fito da ransu a ranar, gini bai danne su ba, wuta ba ta taɓa su ba, amma suka mutu cikin makonni da watannin da suka biyo baya, wasu da ciwon huhu, wasu da ciwon zuciya, wasu kuma cutar da suke fama da ita tun da ce ta yi ƙarfi a zaman sansani. Injiniyoyi sun mayar da wutar lantarki cikin mako guda, gadar da ta kife kuma aka sake buɗe ta a watan Satumba na 1996. Farfaɗowar mutanen da suka tsira ita ce ta ɗauki shekaru, ita ce kuma abin da wannan maƙala za ta duba. An zaɓi Kobe ne domin likitoci da masana zamantakewa na Jafan sun bi sawun waɗannan mutane shekara da shekaru suna rubutawa, har abin da suka gano ya sauya yadda ƙasar take tsugunar da jama'a idan musiba ta auku.

Ƙararrawar da ke cikin jiki

Kafin a yi maganar waraka, ya kamata mai karatu ya san abin da tsoro yake yi wa jiki. A can cikin ƙwaƙwalwa, ta wajen kowane kunne, akwai wani ɗan curin ƙwayoyin jijiya da bai fi ƙwallon dabino girma ba, masana suna kiransa amigdala. Aikinsa gadi. Da zarar ido ko kunne ya kawo alamar haɗari, sai ya tayar da wani sashe da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, watau haifotalamas, shi kuma ya aika saƙo ta hanya biyu zuwa ga wasu ƙullutu biyu da ke zaune bisa ƙoda. Saƙon farko ta jijiya yake bi, nan take kuma ƙullutun suke zuba sinadarin adirenalin cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya ƙaru, hanta ta saki sukari, jini ya bar hanji ya nufi damatsa da cinyoyi, baki ya bushe, jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa domin in an ji rauni kada a tsiyaye. Saƙo na biyu ta jini yake bi, ya fi jinkiri, shi ne yake sa a saki sinadarin kotisol bayan wasu mintoci. Kotisol yana tanadar wa jiki ƙarfin da zai jure wahala, amma yana da wani aiki da ba a cika faɗa ba: shi ne yake komawa ƙwaƙwalwa ya sanar da ita cewa saƙo ya iso, a rage ƙara.

Wannan tsari ba na ɗan Adam kaɗai ba ne. Kifi yana da shi, ƙadangare yana da shi, barewa tana da shi. An yi shi ne domin haɗarin da yake zuwa ya wuce cikin ƙanƙanen lokaci. Barewar da ta kuɓuce wa kura takan koma kiwo ba da daɗewa ba. Wanda gidansa ya rushe kuwa, yana kwance a dandamalin makaranta cikin ɗaruruwan baƙi, ƙasa tana ta ƙananan girgiza dare da rana, bai san inda ɗansa yake ba, ƙararrawarsa ba ta samun dalilin yin shiru.

Jiki yana biyan farashin wannan. A girgizar ƙasar Northridge ta birnin Los Angeles a Amurka, wadda ta auku shekara guda cif kafin ta Kobe, likitoci sun ƙidaya mutum 24 da zuciyarsu ta tsaya farat ɗaya a ranar, alhali a sauran ranaku adadin bai cika kai biyar ba. A tsibirin Awaji, kusa da cibiyar girgizar Kobe, likita Kazuomi Kario ya auna tsofaffin majinyatansa ya tarar jininsu ya hau, ya kuma ƙara kauri, sai bayan makonni ya sauko. Asibitocin yankin sun ga ƙaruwar gyambon ciki mai zubar da jini. Akwai ma wani ciwo da likitocin Jafan suka fara bayyanawa a 1990, suka sa masa suna takotsubo, inda tsananin firgita ko baƙin ciki yake sa babban ɗakin zuciya ya kumbura ta ƙasa ya tsuke ta sama kamar tulu, ya kasa tura jini yadda ya kamata. An ga ya ƙaru ƙwarai bayan girgizar ƙasar Niigata ta 2004, galibi ga tsofaffin mata. Bahaushe da yake cewa wane ya haɗiyi zuciya ya mutu, ashe bai yi nisa da abin da na'urar asibiti take nunawa ba.

Wanda maciji ya sara

Adirenalin yana da tasiri ga tunawa. Abin da ya auku lokacin da yake da yawa cikin jini yakan zauna daram a ƙwaƙwalwa, tare da ƙararsa da warinsa da yanayin hasken wurin. Amfanin wannan a fili yake, domin dabbar da ta manta inda ta gamu da haɗari ba za ta yi tsawon rai ba. Matsalar ita ce amigdala ba ya tantancewa da kyau. Duk abin da ya yi kama da ranar musiba zai iya tayar da shi. Mutanen Kobe da yawa sun yi watanni suna zabura idan babbar mota ta wuce ta girgiza tagogi, wasu suna kwana da kayan fita a jikinsu, wasu suna farkawa gab da lokacin da abin ya auku. Hausawa sun riga sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

To, yaya tsoron yake gushewa? Tun zamanin Ivan Pavlov, masanin nan na Rasha da ya yi gwaji da karnuka, aka san cewa abin da dabba ta koya ba ya gogewa. Sabon darasi ne yake hawa bisa tsohon. Idan babbar mota ta wuce sau ɗari gini bai faɗi ba, sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, yakan koyi cewa wannan ƙara ba ta nufin haɗari, sa'an nan ya riƙa danne amigdala. Wani sashe kuma mai suna hifokamfas shi ne yake liƙa wa kowane abin tunawa wuri da lokaci, ya mayar da shi labarin da ya wuce. Wannan koyo yana bukatar abu biyu: mutum ya yi ta gamuwa da abin da ke tuna masa alhali yana cikin aminci, kuma ya sami barci, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana darasin rana. Mai karatu zai ga ke nan dalilin da ya sa zaman sansani mai hayaniya, inda fitila ba ta mutuwa kuma babu sirri, yake jinkirta waraka.

Firgita da rashin barci da mugun mafarki da saurin fushi a makonnin farko ba ciwo ba ne. Jiki ne yake aikinsa. Likitoci ba sa kiran abin ciwo sai ya wuce wata guda yana hana mutum gudanar da rayuwarsa: abin da ya faru yana dawo masa kamar yanzu yake faruwa, yana gudun duk wuri ko zancen da zai tuna masa, yana zaune kullum a ɗar-ɗar, zuciyarsa kuma ta dushe ga iyali da abin da yake so a da. Wannan shi ne ciwon firgicin bayan musiba, wanda aka sa cikin kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka a 1980, aka kuma san shi da haruffan PTSD.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne akasarin waɗanda suka tsira ba sa kamuwa da shi. George Bonanno na Jami'ar Columbia ya shafe shekaru yana bin mutane bayan musibu iri-iri, kuma a 2018 shi da abokan aikinsa suka tattara bincike 54 suka auna. Kimanin kashi biyu cikin uku na mutane sukan girgiza na ɗan lokaci su ci gaba da rayuwa. Kimanin ɗaya cikin biyar sukan sha wahala na watanni sa'an nan su farfaɗo. Kimanin ɗaya cikin goma ne abin yake zame musu ciwo mai daɗewa, sai kuma wasu 'yan kaɗan da nasu yake tasowa daga baya. Juriya ke nan ita ce al'adar jikin ɗan Adam. Tambayar da ta fi amfani ita ce: me yake tare hanyar wannan waraka ga waɗanda ba su samu ba? Kusancin mutum da mutuwa a ranar yana ciki, rashin ɗa ko miji yana ciki, musibar da ya taɓa gani a baya tana ciki. Waɗannan babu mai iya sauya su. Amma Kobe ta nuna wani dalili da hannun hukuma ne yake ƙulla shi.

Ƙuri'ar gidaje

A safiyar girgizar, kafin 'yan kwana-kwana da sojoji su iso, maƙwabta ne suka yi aikin ceto. Masanin musibu Yoshiaki Kawata ya ƙiyasta cewa cikin mutane kimanin 35,000 da ɓaraguzai suka rufe, kimanin 27,000 'yan unguwa ne suka tono su, domin su ne suka san ɗakin da tsohuwa take kwana da gidan da ke da jariri. A unguwar Mano, mazauna sun jeru da bokitai suka tare wuta kafin ta cinye unguwar. Wannan sanayya ita ce dukiyar da girgizar ba ta rusa ba.

Gwamnati ta gina gidajen wucin gadi 48,300 cikin watanni, aikin da ya cancanci yabo. Amma filin da ke akwai a bayan gari yake, da kuma kan tsibiran da aka cike teku aka yi, nesa da tsofaffin unguwanni. Da aka zo rabo, sai aka ga adalci shi ne a yi ƙuri'a, a kuma fara da tsofaffi da naƙasassu. Niyyar kyakkyawa ce. Sakamakon kuwa shi ne an ɗebo mafi raunin jama'a daga unguwanni dabam-dabam, an raba su da maƙwabtan shekara arba'in da likitansu da mai shagon da yake ba su bashi, an zuba su wuri guda inda babu wanda ya san wani, babu kuma matasan da za su leƙa su.

Daga nan kalmar kodokushi ta cika jaridun Jafan, ma'anarta mutuwar kaɗaici: mutum ya mutu a ɗakinsa ba wanda ya sani, sai bayan kwanaki a gano gawarsa. Kafin a rufe gidajen wucin gadi a farkon shekarar 2000, an ƙidaya irin wannan mutuwa 233. Akasarinsu maza ne, da yawansu ba su ma tsufa sosai ba, 'yan shekara hamsin zuwa sittin da wani abu ne da suka rasa gida da sana'a tare, suka rufe ƙofa suka kama shan giya har hanta ta lalace. Da aka sake kwashe mutane zuwa dogayen benaye na dindindin, nan ma ƙuri'a aka yi, aka sake wargaza 'yar sabuwar sanayyar da aka ƙulla, kuma irin wannan mutuwa a benayen ta haura 1,000 cikin shekaru ashirin. Adalci ne a faɗa cewa tsofaffi masu zaman kansu suna mutuwa haka a wasu biranen Jafan ko ba girgizar ƙasa. Duk da haka, likitocin da suka yi aiki a sansanonin ba su yi shakkar cewa rabon da aka yi ya ƙara abin ba.

A 1999 aka tara mazauna birnin rukuni-rukuni aka tambaye su abin da farfaɗowa take nufi a wurinsu. Masana biyu, Shigeo Tatsuki da Haruo Hayashi, suka rarraba amsoshi fiye da 1,600 da aka rubuta. Muhalli ne ya zo na farko, wanda ba abin mamaki ba ne. Na biyu, kusa da shi, alaƙa da mutane ce. Kuɗi da sana'a can ƙasa suka zo.

Jafan ta ɗauki darasin. A watan Oktoba na 2004, girgizar ƙasar Niigata ta yanke ƙauyen Yamakoshi da ke cikin duwatsu, aka kwashe mazaunansa kimanin 2,200 da jirage masu saukar ungulu zuwa birnin Nagaoka. A wannan karon an tsugunar da su ne unguwa-unguwa, maƙwabcin da yana maƙwabcin yanzu, aka gina musu ɗakin taro, aka ba su fili suka shuka kayan lambu. Har shanunsu an ɗauko ta sama. Wanda bai san manomi ba zai ɗauka ɗan lambun nan wasa ne. Amma mutumin da yake da abin da zai tashi ya yi da safe, da wanda zai yi wa ƙorafin tsutsa ta ci masa kabeji, yana da abin da mazajen Kobe suka rasa.

Hujja mafi ƙarfi ta zo ne daga birnin Iwanuma, ta hanyar sa'a. A watan Agusta na 2010 wasu masu bincike sun yi wa tsofaffin birnin tambayoyi game da lafiyarsu da zamantakewarsu. Bayan wata bakwai, ranar 11 ga Maris, 2011, igiyar teku ta tsunami ta mamaye kusan rabin ƙasar birnin. Da suka koma a 2013, suna da abin da ba a cika samu ba, watau bayanin halin mutane kafin musiba. Hiroyuki Hikichi da Ichiro Kawachi na Jami'ar Harvard da abokan aikinsu sun gano cewa waɗanda suke zaune a unguwannin da ke da haɗin kai tun kafin ruwan ya zo sun fi tsira daga ciwon firgici. Sun kuma gano cewa waɗanda aka mayar da su sabon wuri tare da maƙwabtansu sun ci gaba da ziyara da shiga taro, waɗanda suka tafi ɗai-ɗai kuwa hulɗarsu ta ragu.

Masanin halittu ba zai yi mamakin wannan ba. Ɗan ɓera da aka tsorata yakan saki kaɗan kawai na sinadarin da yake yi masa aikin kotisol idan uwarsa tana kusa, biri ma haka idan yana tare da abokin zamansa. A 2006 James Coan da abokan aikinsa suka sa matan aure 16 cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, aka gaya musu za a iya ɗan ja su da lantarki a ƙafa. Idan mace tana ita kaɗai, sassan tsoro na ƙwaƙwalwarta sukan kama aiki sosai. Idan ta riƙe hannun baƙo, abin ya ɗan ragu. Idan ta riƙe hannun mijinta, ya ragu ƙwarai, kuma gwargwadon daɗin zaman auren gwargwadon raguwar. Kasancewar wanda aka sani a kusa saƙo ne da ƙwaƙwalwa take karantawa a matsayin aminci, aminci kuwa shi ne sharaɗin sabon darasin da aka yi bayani a baya.

Taimakon da ba ya taimako

A shekarun 1980 da 1990 an yi yayin wata hanya a ƙasashen Turai da Amurka: a tara waɗanda suka tsira cikin kwana biyu ko uku, a zauna da su sau ɗaya, a sa kowa ya faɗi abin da ya gani da abin da ya ji dalla-dalla, wai don a fitar da dafin tun bai zauna ba. Maganar tana da daɗin ji. Da aka gwada ta yadda ake gwada magani, aka kwatanta waɗanda aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba, sai aka ga ba ta hana ciwon, a wasu gwaje-gwajen ma waɗanda aka yi wa sun fi shan wahala daga baya. Tilasta wa mutum ya tono abin tun ƙararrawar jikinsa tana kaɗawa yana iya ƙara kafa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan wannan hanya. A 2011 ta fitar da jagorar taimakon farko na zuciya, wadda kowane mai hankali zai iya koya: a duba wanda ke cikin haɗari ko ɗimuwa, a saurare shi in yana son magana ba tare da matsa masa ba, a haɗa shi da iyalinsa da abinci da wurin kwana da labari na gaskiya. A 2013 kuma ta yi gargaɗi kada a ba mutum ƙwayoyin barci irin su diyazafam domin firgicin watan farko. Wannan gargaɗi ya shafe mu ƙwarai, ganin yadda ake sayen irin waɗannan ƙwayoyi a kemis kamar alewa.

Kada a fahimci cewa magana ba ta magani. Tana yi, in an yi ta ga wanda yake bukata, a lokacin da ya dace, a hannun wanda ya koya. Misalin da ya fi fitowa fili na yara ne a ƙasar Armeniya, inda girgizar ƙasa ta 7 ga Disamba, 1988 ta kashe aƙalla mutum 25,000 da hantsi, yara suna cikin aji. Likitoci Armen Goenjian da Robert Pynoos sun auna yara bayan shekara ɗaya da rabi, suka tarar tsananin ciwon yana bin kusancin garinsu da cibiyar girgizar: na Spitak sun fi na Gumri, na Gumri sun fi na Yerevan. A wasu makarantun Gumri aka yi wa ɗalibai 'yan makonni na zama, ana taimaka musu su ba da labarin a hankali, su gane abubuwan da ke tayar musu da tsoro, su yi makokin waɗanda suka rasa. Bayan shekara uku da girgizar, waɗanda aka yi wa wannan sun sami sauƙi, waɗanda ba a yi wa ba kuwa nasu ya ƙaru. Ga waɗannan yara, lokaci shi kaɗai bai wadatar ba.

Jaje da abin da ke bayansa

Ƙasarmu ba ta fama da manyan girgizar ƙasa, amma ruwa yana yi mana irin wannan ɓarna. Ambaliyar 2022 ta kashe mutane fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. Ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle, kamar yadda ta taɓa yi a 1994, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri da Jere, dubban ɗaruruwan mutane suka fita da kayan jikinsu. Da yawansu 'yan gudun hijira ne da rikicin Boko Haram ya riga ya kora sau ɗaya, watau irin mutanen da bincike ya nuna sun fi kowa haɗarin kamuwa da ciwon firgici.

Muna da abin da masana suke ta nema a ƙulla a wasu ƙasashe. Akwai zaman makoki, akwai ta'aziyya, akwai jaje ga wanda ya yi asarar dukiya, akwai gayya ga wanda katangarsa ta faɗi. Duk waɗannan suna yin abin da jagorar taimakon farko take cewa a yi: a zo, a zauna, a kawo abinci, kada a matsa da tambaya. Sai dai suna da iyaka ta fuska biyu. An tsara su ne domin musibar gida ɗaya, inda sauran unguwa suke lafiya. Ambaliya kuwa tana cin mai jaje da wanda za a yi wa jaje tare. Kuma kwanakinsu ƙidayayyu ne. Krzysztof Kaniasty da Fran Norris, waɗanda suka bi tsofaffi bayan ambaliyar Jihar Kentucky ta Amurka a 1981 da 1984, sun nuna cewa taimako yakan yi yawa da fari, sa'an nan ya janye, mutane su fara jin an bar su, kuma wannan jin an bar mutum yana cikin abin da ke jawo baƙin ciki mai daɗewa. Wata na huɗu da na takwas, lokacin da motocin agaji suka tafi, bashi ya taru, damina kuma tana ƙaratowa, su ne lokacin da ziyara ta fi amfani.

Saboda haka, a ganina, mai rubuta sunaye a ƙofar sansani yana da hannu a lafiyar zukatan jama'a kamar yadda likita yake da shi. In ya tsugunar da mutane bisa unguwanninsu, da mai unguwarsu da limaminsu da ungozomarsu, ya bar mata su dafa abincinsu da kansu maimakon su yi ta bin layi, aka buɗe wa yara makaranta ko a ƙarƙashin bishiya ce, aka kuma riƙa faɗa wa mutane gaskiyar ranar da za su koma da abin da za a ba su, to an yi rabin aikin. Ba ya cin kuɗi fiye da rabon ƙuri'a.

Sauran magana ita ce ta haƙuri. Imani da ƙaddara da addu'a suna ba musiba ma'ana, suna kuma tara mutane wuri guda sau da yawa a rana, kuma duka biyun suna taimakon zuciya. Amma idan mutum ya yi wata huɗu ba ya barci, hadari in ya haɗu jikinsa ya kama rawa, aka ce masa ƙarancin tawakkali ne, an rufe masa baki ke nan, ciwon kuma yana nan. Mutanenmu ba su cika zuwa asibiti su ce suna jin tsoro ba. Sukan ce kansu yana zafi, gabansu yana faɗuwa, wani abu yana yawo a jikinsu, sai a yi ta ba su maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot. Yaro kuma yakan koma fitsarin kwance, ko ya maƙale wa uwarsa, ko ya yi ta wasan ruwa yana cin gida. Ma'aikacin lafiya da ya ga irin wannan a garin da aka yi ambaliya ya kamata ya tambayi yadda barci yake da abin da mutum ya gani a ranar.

Wanda alamominsa suka wuce wata guda ba su raguwa, ko ya daina ci da wanka da kula da yara, ko ya kama shaye-shaye, a kai shi ga likita. Wanda ya fara zancen gara ya mutu kuwa, a ranar za a kai shi, kada a bar shi shi kaɗai. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna da Kware ta Jihar Sakkwato, asibitocin koyarwa na jami'o'i kuma suna da sashen. Likitocin wannan fanni a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai, ba za su isa ba. Domin irin wannan hali ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari a 2016 na zama biyar, mako-mako, wanda ake koya wa ma'aikatan da ba likitoci ba: yadda za a sassauta numfashi, a warware matsalolin yau da kullum ɗaya bayan ɗaya, a koma ga ayyukan da aka bari, a kuma sake neman 'yan'uwa. An gwada shi a Peshawar ta Pakistan da Nairobi ta Kenya, kuma a wuraren biyu waɗanda aka yi wa sun fi waɗanda ba a yi wa ba samun sauƙi bayan wata uku.